Fanshon tsofaffin sojan Faransa bashi ne, a je a karɓo

Tun ƙarshen Nuwamba 2024, da Emmanuel Macron ya rubuta wa shugaban Senegal ya amsa cewa kisan gilla aka yi wa sojan Afirka a barikin Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, zancen tsofaffinmu da suka yi wa Faransa aikin soja ya dawo bakin mutane a fadojin shayi na Maradi. Masu tafi wai Faransa ta tuba, ba sai an ɓata tawada a kansu ba: wanda ya yi shekara 80 kafin ya amsa laifi, mutuwar shaidu ya jira. Waɗanda ke ba ni haushi su ne masu cewa tsofaffin nan karnukan farautar Nasara ne, kuma tunda mun raba gari da Faransa, ta riƙe kuɗinta.

Kuɗin wa za ta riƙe?

Tun 1919 aikin soja ya zama tilas a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, shekara 3 cur. Kumandan ya yanka wa sarki adadin samarin da zai kawo, sarki ya yanka wa masu gari, likita ya duba ƙirji da haƙori, a jefa ƙuri'a. Ɗan mai hali ya san hanyar zillewa, ɗan talaka ne ke hawa mota. Wasu daga baya sun shiga da ƙafarsu, gaskiya ne, yunwa da haraji suka tura su. Da irinsu aka kafa rundunar Nijar a 1961, kuma Seyni Kountché kansa ya yi yaƙin Andoshin (yankin su Biyetnam) da na Aljeriya cikin kakin Faransa. Mai zagi ya fara daga can in ya isa.

Abin da aka yi musu bayan yaƙi a rubuce yake. Dokar kasafin kuɗin Faransa ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon sojan ƙasashen da suka sami ƴanci: na Bafaranshe yana hawa, na wanda suka kwana rami ɗaya da shi yana nan inda aka bar shi. Sai a 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ce wannan wariya ce, a shari'ar Amadou Diop, tsohon saje ɗan Senegal wanda ya rasu kafin a yanke hukuncin. An yi kwaskwarima a 2002 da 2007, aka ce an daidaita duka daga 1 ga Janairu 2011, amma da tarko a ciki: cikakken gyaran sai wanda ya nema a rubuce. Tsohon da ke kwance a wani ƙauyen Mayahi ko Dakwaro, wa ya je ya gaya masa?

Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Faransa ma ba su tsira ba. Don kada a yanke musu kuɗin tsufa, kusan Yuro 950 a wata, wajen jika 620 na Sefa, dole su yi wata 6 a can kowace shekara, cikin ɗan ɗaki a gidajen baƙi irin na Bondy da ke gefen Paris, nesa da jikoki. Sai a Janairu 2023 aka ɗage sharaɗin, lokacin da waɗanda aka iya ƙirgawa wajen 40 ne kawai, duk sun tsufa tukuf. Wannan ma an yi masa guɗa.

A nan gida yawancin mazan sun riga mu gidan gaskiya. Matansu suna nan, domin da yawa sun auri ƴan mata bayan sun dawo. Kuɗin iri-iri ne, kuma a nan iyalai ke ruɗewa. Ɗan abin da ake bai wa mai katin tsohon mayaƙi yana mutuwa tare da mai shi, ba a gadonsa. Fanshon wanda ya cika shekara 15 a soja kuwa, matarsa na da rabinsa, in mata biyu ne ko uku su raba rabin nan. Kuɗin rauni shi ma yana da nasa sharuɗɗan. Ana buƙatar littafin soja ko lambar mutum, da takardar tarihin aikinsa wadda ake nema daga ma'ajiyar takardun soja ta garin Pau a Faransa, da takardar aure, da ta mutuwa, da shaidar cewa matar na raye. Sai dosiye ya tafi ofishin fansho na La Rochelle, can Faransa.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. An ɗaura aure da goro a zaure, ba wanda ya je gidan magajin gari, sai an nemi hukuncin kotu da shaidu, shaidun kuma sun mutu. Magatakardan Nasara ya rubuta Mahamane a littafin soja, katin ɗan ƙasa na cewa Mamane, takardar mutuwa ta ce Maman: mutum ɗaya ya zama uku, dosiye ya dawo. Ranar haihuwa "wajen 1932" ce. Littafin kansa yana ƙasan akwatin ƙarfe tare da lambobin girma, gara ta ci shafin da lambar take. Kuma duk shekarar da aka yi jinkiri hasara ce, don ba a biyan bashin baya sai na ƴan shekaru. A kan duk wannan, an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024.

To mai cewa ta riƙe kuɗinta, Baitulmalin Faransa yake yi wa aiki kyauta, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙasar da ta sa sojan Faransa suka kwashe kayansu a Disamba 2023 ba ta da hujjar jin kunyar bin bashi. An sauya sunan titin De Gaulle a Yamai zuwa Djibo Bakary, madalla, amma fentin allo bai sayi tiya ɗaya ta hatsi ga tsohuwar da ke Tasawa ba.

Kamata ya yi ofishin tsofaffin mayaƙa ya fito daga Yamai ya zaga jihar Maradi gunduma-gunduma, ya ƙirga matan da suka rage, ya ɗauki hoton kowane littafin soja. Kotuna su yi zama na musamman a gyara sunaye da takardun aure ba tare da an karɓi ko dala ba. Gwamnati kuma ta haɗa dosiyoyin gaba ɗaya ta tura da lauya, tare da Mali da Burkina Faso, tunda su ma tsofaffinsu bashi ɗaya suke bi.