Wallahi Gabbar ya mutu, da idona na gani

Jama'a ku zo ku raba ni da 'yan teburin mai shayin Bauchi Road don har yau abin na cina a rai. Hirar finafinan Indiya na da ce ta kawo mu kan Sholay, na ce ai a ƙarshe Thakur, tsohon ɗan sandan nan, shi ne ya kashe Gabbar shugaban 'yan fashi, Dogo ya ce ƙarya ne 'yan sanda ne suka tafi da shi, musu ya yi zafi aka yanke cewa wanda ya faɗi shi zai biya wa kowa shayi da indomi. Ni ko ko gezau, don a kaset ɗin kawuna na kalla muna yara a Gangare, har kukan da Thakur ya yi bayan ya gama da shi ina tunawa.

Washegari na gangara kasuwar Taminus na sayo faifan, aka taru a shagon Tela da daddare, ga sanyi ga ba wuta, man jen ɗin ma ni na saya saboda tsabar yarda da kai. Fim ɗin ya haura awa uku, na hana a tura gaba, na ce a bi a hankali kowa ya gani.

Aka zo wurin. Thakur ba hannu, ga takalmin nan mai ƙusoshi, yana ta tattake Gabbar, sai na miƙe tsaye na tafi gaban talabijin ina nunawa da yatsa, na ce Dogo buɗe idonka da kyau, yanzu ne, yanzu za a aika shi, har na juya na ce wa mai shayi ya fasa min ƙwai a lissafin Dogo. Ban rufe baki ba sai ga ɗan sanda ya ɓullo da bindiga yana wa Thakur wa'azi kan bin doka. Yatsana na nan a miƙe. Na ce ku dakata bai ƙare ba. Aka tasa ƙeyar Gabbar da ransa. Na ce a mayar baya, aka mayar, ɗan sandan ya sake fitowa. Na ce a kuma, Tela ya ce yaya ko kwana za mu yi mutumin nan sai ya zo.

Dogo ma bai ba ni haushi ba kamar wannan mai gyaran rediyon, mutumin da bai taɓa kallon fim ɗin ba, shi da yake tambaya a tsakiya wai wanne ne Amita, amma shi ne ya fi kowa dariya har da faɗowa daga benci, kuma shi kaɗai ya ce a sa masa sadin a indominsa. Bashin kuɗin caja na kansa tun azumi, ban taɓa yi masa magana ba, to yanzu zan yi.

Kuma gaskiyata ce fa! A 1975 lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi hukumar tace finafinai ta Indiya ta ce kisan ya yi muni, aka tilasta wa darakta Ramesh Sippy ya sake ɗaukar ƙarshen da 'yan sanda. Na asalin sai a 1990 ya fito a wani kaset a Ingila, irinsa ne ya faɗo hannun kawuna. Ni kuma mai ƙarshen 'yan sanda aka sayar min.

Na samo wurin a YouTube na kai musu a waya, ga Gabbar a mace ƙiri-ƙiri. Dogo ya kalla ya ce haɗin kwamfuta ne, yanzu me ba a yi. Na kira kawu ya zama shaida, ya ce shi dai rawar da yarinyar ta yi a kan fasassun kwalabe yake tunawa, kaset ɗin kuma ruwa ya ci shi tuntuni, wai yaushe zan kawo masa yara.