Ɗakin kujera 90 ya fi waya kunne

Duk wanda ya taso yana jin Don Williams a rediyo, ko a kaset ɗin direban tasi, ya san waƙar kantiri: jita, murya a natse, da labari. To amma kafin irin waɗannan waƙoƙi su kai ga kaset, akwai inda ake fara gwada su, kuma wurin bai fi zauren wani attajiri girma ba.

A birnin Nashville na jihar Tennessee a Amurka akwai Bluebird Cafe, wanda Amy Kurland ta buɗe a 1982 a cikin jerin shaguna. Kujerunsa kusan 90 ne. Marubuta waƙa uku ko huɗu kan zauna a tsakiyar ɗakin suna fuskantar juna, jama'a na kewaye da su, kowa ya rera tasa bi da bi, ya faɗi abin da ya sa ya rubuta ta. Kusancin har ya kai na teburin gaba na jin ƙarar yatsa a kan tsirkiya. Dokar gidan ita ce shiru. Ka soma hira, nan take a tsawatar maka.

A nan ne Lynn Shults na kamfanin waƙoƙi na Capitol ya ji mawaƙi Garth Brooks a 1988, bayan kamfanin ya riga ya ƙi shi, ya sake shawara. A nan kuma Scott Borchetta ya ga Taylor Swift a 2004 tana da shekara 14, tun bai kafa kamfaninsa na Big Machine ba. Labaran nan biyu su ake ta maimaitawa, ni kuwa ina ganin sun rufe ainihin amfanin wurin. Sa'ar haɗuwa da mai kamfani ta mutum ɗaya ce cikin dubu. Abin da kowa ke samu shi ne daren Litinin, lokacin da ake bai wa sabon shiga makirfo. Yaro ya tashi da waƙar da yake ganin babu kamarta, ya kai baiti na biyu ya hango wata tana laluben jakarta, wani na kallon rufi. Ba wanda ya zage shi, amma ya gane inda waƙar ta yi sanyi. Ya koma gida ya gyara, asararsa kuɗin mota ne kawai.

Za a ce zamani ya wuce nan. Zach Bryan yana sojan ruwa ya riƙa ɗaukar kansa da waya yana waƙa, yana sakawa a YouTube, yau yana cika filayen wasa. Oliver Anthony kuwa a watan Agustan 2023 ya faɗo kai tsaye a lamba ɗaya ta jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, alhali ba a taɓa ganin sunansa a jadawalin ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai waya tana gaya maka mutum nawa suka kalla, ba ta gaya maka a wace kalma ka rasa su ko me ya sa. Sannan wanda aka ɗauko daga ɗakin kwanansa aka tsayar gaban mutum dubu ashirin, a gabansu zai koyi riƙe taro, kuskurensa kuma a waya zai dawwama.

Abin damuwar shi ne ɗakunan na ƙarewa. Douglas Corner Cafe, shi ma a Nashville, ya rufe a 2020 lokacin korona bayan shekara 33. Bluebird ya tsira, kuma tun 2008 yana hannun ƙungiyar marubuta waƙa ta NSAI, amma farin jini ya zo masa da nasa ciwon. Tun da wani shirin talabijin ya haska shi a 2012, 'yan yawon buɗe ido ke wawashe tikiti a intanet cikin 'yan mintuna, wasu su yi layi a bakin ƙofa don ɗaukar hoto kawai. Matashin da ya sauka garin da jitarsa, wanda ya fi kowa buƙatar zama ya ji yadda manya ke ɗinka baiti, sau da yawa a waje yake tsayawa.