Kowane kare a Ingila yana da wanda za a tuhuma, namu fa?

Duk Bahaushen da zama ya kawo shi Ingila, da wuya ya yi wata guda bai kira gida ya ba da labarin karnuka ba, kuma labarin kusan iri ɗaya ne a bakin kowa: an ga kare sanye da rigar sanyi, an ga wani yana kwana a kan gadon uwargijiyarsa, an ji akwai masu biyan inshora duk wata saboda lafiyarsa. Sai a yi salati, a ce Turawa sun rasa yadda za su yi da kuɗi. A ganina wannan ɓangaren da muke yawan aikawa gida shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin al'amarin, domin ya ɗauke mana hankali daga abin da ya fi dacewa mu lura da shi, wato a Ingila doka ba ta yarda a sami kare ba tare da an san sunan mutumin da za a kama idan ya yi ɓarna ba. A garuruwanmu kuwa, kare yana da mai shi ranar da ya kamo zomo ko ya kori ɓarawo, amma ranar da ya ciji yaron maƙwabta sai a wayi gari ba na kowa ba ne.

Tun daga watan Afrilu na 2016, wajibi ne a Ingila da Sikotilan da Wales a saka wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar da ke tsakanin kafaɗunsa kafin ya wuce mako 8 da haihuwa. Lambar da ke cikinta tana haɗe da suna da adireshin mai karen a rumbun bayanai, wanda ya ƙi kuwa ana iya cin sa tarar da ta kai fam 500. Akwai kuma dokar 1992 da ta tilasta a rataya wa kare abin wuya mai ɗauke da sunan mai shi duk lokacin da zai fita bainar jama'a. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta haramta riƙe wasu jinsuna, kuma a 2014 aka faɗaɗa ta har ta shafi abin da ya faru a cikin gidan mai karen, saboda masu raba wasiƙu da ma'aikatan jinya da ake ciza a ƙofar gidajen mutane. Idan kare ya kashe mutum, mai shi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14. Bayan wasu munanan hare-hare, daga 1 ga Fabrairu 2024 aka haramta mallakar jinsin XL Bully a Ingila da Wales sai da takardar izini ta musamman, tare da sharaɗin a dandaƙe karen, kuma kada a fita da shi sai da igiya da takunkumi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan nauyi ya sauka daga takardar doka ya shiga aikin yau da kullum. Akwai wata dattijuwa a layinmu da ke fita da ƙaramin karenta safe da yamma, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Idan ya tsuguna a gefen hanya sai ta tsaya ta jira ya gama, ta zaro leda daga aljihu, ta sa hannunta a ciki, ta sunkuya da kyar saboda ciwon gwiwa, ta kwashe, ta ƙulle bakin ledar, ta riƙe ta har sai ta kai kwandon shara. Gaskiya ne ƙaramar hukuma tana cin tarar wanda ya bar kashin karensa a hanya, amma da asuba babu jami'in da ke kallonta. Ita ce ta fara gaya mini cewa cakulan da inabi da albasa guba ne ga kare, kuma dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji. Tana da ƙaramin littafi da likitan dabbobi ke rubuta ranar kowace allurar rigakafi, tana kuma da ranar ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska.

A gida ba mu san kare a matsayin abokin hira ba, ma'aikaci ne. Mafarauci yana tafiya daji da shi, makiyayi yana barin sa a ruga, manomi da mai gidan bayan gari suna barci saboda sun san zai yi haushi. Ban ga aibu a cikin wannan ba, kuma addininmu ya halatta riƙe shi domin farauta da tsaron dabbobi da gona. Aibun yana wurin sakayyar da muke yi masa. Ana zuba masa sauran tuwo da miyar da ta sha albasa idan an tuna, idan ba a tuna ba ya nufi juji ko mahauta ya nemi na kansa, a can kuma yake cuɗanya da karnukan da ba wanda ya san inda suka fito. Idan kaska ta cika masa kunne sai a yayyafa masa fiya-fiya ko maganin feshin gona, idan ƙazuwa ta cinye masa gashi a shafa masa baƙin mai, abubuwan da ke ƙona fata, kuma suna iya kashe shi idan ya lashe. Wasu suna fakewa da addini su ce ai dabba ce mai najasa, alhali a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma kowane ɗalibin Islamiyya ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Babu inda aka ce ka ɗora wa dabba gadin gidanka sannan ka bar ta da yunwa da cuta.

Da a ce wahalar ta tsaya a kan karen kaɗai, da wasu sun ce ba ruwansu. To amma ba ta tsayawa, domin cutar haukan kare daga bakinsa take shiga jikin ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizo ko yagar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin da ya sa yara suka fi shiga ba ɓoyayye ba ne: su ne ke wasa da kwikwiyo, su ne ke jifan kare a lungu, tsayinsu ya sa cizon yakan same su a fuska ko wuya, inda ƙwayar cutar ke saurin bin jijiya ta isa ƙwaƙwalwa, sannan sukan ɓoye ƙaramin rauni saboda tsoron faɗa. Cutar takan kwanta a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, ta yadda sanda zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa suka bayyana, an daɗe da mantawa da cizon, sai a ce iska ce ko sammu. Daga lokacin da alamomin nan suka fito kuwa, kusan babu wanda ke tashi.

Ina tuna yadda ake yi a unguwarmu idan kare ya ciji yaro. Kafin a duba ƙafar yaron, matasa sun bi karen da sanduna da duwatsu sun kashe shi, an ja gawar an jefa a kududdufi. Wata tsohuwa za ta ce a tsigo gashin karen a ƙona a barbaɗa a kan raunin, wani ya kawo gishiri, a yagi tsumma a ɗaure. Mai karen, idan an san shi, zai zo ya ce a yi haƙuri, ai lafiyarsa ƙalau, bai taɓa cizon kowa ba, uban yaron kuma ya ce ba komai, tsautsayi ne, saboda ba ya son a ce ya kai maƙwabci ƙara a kan kare. Kowa a wurin yana ganin ya kyauta, amma an bar abin da ya fi komai muhimmanci. Abin da likitoci suka ce a fara yi shi ne a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada a ɗaure shi tamau, sannan a garzaya asibiti a ranar domin fara allurar rigakafi, wadda ake yi sau da yawa a ranaku daban-daban kuma dole a kammala ta. Shi kuma karen, idan ana iya killace shi ba tare da an jefa wani cikin haɗari ba, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, domin idan ya wuce kwanakin nan lafiya lau, to bai ɗauke da cutar a yawunsa lokacin cizon ba. Idan an riga an kashe shi, likitan dabbobi ake kira ya ɗauki kan domin gwaji. Ba a jiran sakamakon ko ɗaya kafin a fara wa yaron allura.

A Ingila ba a yi wa kare allurar haukan kare sai idan za a fita da shi waje, saboda ƙasar ta rabu da cutar a karnuka tun 1922. Ba da gata ta yi hakan ba. Dokar sanya takunkumi da kama karnukan da ba su da masu su ce ta kawar da ita a 1902, ta dawo a 1918 ta hanyar karnukan da aka shigo da su a ɓoye a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sake murƙushe ta, sannan aka shafe shekaru masu yawa ana killace duk karen da ya shigo ƙasar har wata 6.

Ba na cewa komai na nan abin koyi ne. Akwai karnukan da ake kulle su a ɗaki su kaɗai tun safe har dare, akwai waɗanda ƙiba ta hana su tafiya, akwai jinsunan da aka ƙirƙiro masu tauyayyen hanci saboda kyan gani, suna rayuwa cikin wahalar numfashi. Kuɗin likitan dabbobi ya yi tsadar da wasu ke miƙa karnukansu ga ƙungiyoyin agaji irin su RSPCA da Dogs Trust. Akwai kuma halin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, na mai karen da zai sake shi a filin shaƙatawa ya zo ya dafa maka farar riga da ƙafafu masu taɓo kana hanyar masallacin Juma'a, ko ya tsorata maka yaro, shi kuma yana daga nesa yana murmushi yana cewa ba ya cizo. Ba kowa ne ya tashi da kare ba, kuma wanda ba ya so a taɓa shi yana da haƙƙi.

Abin da ke damuna shi ne, daga cikin dukkan wannan, ɓangaren ado muka fara kwaikwayo. A Abuja da Kaduna da Kano yanzu ana sayen Rottweiler da Boerboel da manyan karnukan yankin Kokasus masu kaurin gashi, a saka su a kejin ƙarfe mai rufin kwano a bayan gida, a bar wa maigadi ko yaron gida da bai taɓa koyon sarrafa su ba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. A watan Yuli na 2022 da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karon farko a tarihi, an yi ta gargaɗin kada a fita da karnuka da rana, kada a bar su a mota ko na ɗan lokaci. Wannan zafin kuwa shi ne abin da Sakkwato da Maiduguri ke gani kusan kullum a watan Afrilu. Dabbar da aka kulle yini guda cikin irin wannan yanayi, ba motsa jiki, ba ta saba da mutane ba, sannan a sake ta da dare, ba ta bambanta ɓarawo da almajirin da ya zo karɓar sauran abinci ko ɗan maigidan da ya dawo a makare. Karenmu na gida, mai gajeren gashi da juriya, ya fi dacewa da ƙasarmu nesa ba kusa ba, kuma abin da yake bukata kaɗan ne: abinci, ruwa a inuwa, maganin kaska da tsutsa na gaskiya, da allura.

Za a ce Ingila tsibiri ce kuma tana da kuɗi, mu kuwa mutane ma ba su sami magani ba balle kare. Amma Meziko ba tsibiri ba ce, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ta kawar da haukan kare da ke kama mutane ta hanyar cizon karnuka, bayan shekaru tana yi wa karnuka allura kyauta. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa, kuma allurar kare ɗaya ta fi ta mutumin da aka ciza araha ƙwarai. Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tun 1924, wadda ke sarrafa allurar karnuka, muna da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Mun kuma ga yadda aka bi gida gida da taimakon sarakuna da masu unguwanni har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ba ma bukatar na'ura a ƙarƙashin fata, domin mai unguwa ya san kowane gida da ke da kare, sarkin baka ya san mafarautansa ɗaya bayan ɗaya, arɗo ya san rugagensa. Abin da nake so in gani shi ne littafi a hannun kowannensu mai ɗauke da sunan mai kare da ranar allurar ƙarshe, a tsayar da rana guda a shekara da ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma za su zo ƙofar fada, ko da 28 ga Satumba ce da duniya ta ware wa wannan cuta, kuma a yi ƙa'ida cewa duk wanda karensa ya ciji wani, shi zai biya kuɗin mota da na allura har a kammala.