Kwalba ɗaya ba ta isa shaida a magamar kogi da teku ba

Duk rahoton da ya ce magamar kogi da teku lafiyarta lau, alhali kwalba ɗaya aka ɗebo daga saman ruwa da tsakar rana, ni dai ba na karɓarsa.

Ruwan wurin hawa biyu ne. Ruwan daɗi da kogi ya kawo ya fi sauƙin nauyi, sai ya hau sama, na teku mai gishiri kusan giram 35 a lita ya kwanta a ƙasa. Muddin ba su gauraya ba, iskar oksijin ba ta sauka. Sama na sheƙi, ƙasa na shaƙewa. Shi ya sa ake zura na'urar awo mita-mita har ta taɓa laka. Yawancin kifaye suna buƙatar oksijin miligiram 5 a lita. Da ya faɗi ƙasa da 2, mai iya gudu ya gudu, marar ƙafa ya mutu a inda yake. Haka takin zamanin da kogin Misisifi na Amurka ke kwasowa yake yi a Tekun Meziko: a 2017 yankin da ya shaƙe ya haura murabba'in kilomita 22,000.

Sai lokaci. Gansakuka tana fitar da oksijin da rana, da dare ta zuƙe, saboda haka awon asuba ne ke tona asiri. A auna da cikowar teku, a sake da janyewarta, damina da rani.

Amma shaidar da na fi yarda da ita laka ce, don ruwa wucewa yake yi, ita kuwa tana nan. A ɗebo ta, a wanke a rariya mai ido rabin milimita, a ƙirga abin da ya rage. Tsutsotsi iri-iri, ƙananan ƙaguwa da katantanwa, alama ce mai kyau. In kuwa lakar baƙa ce ƙirin tun daga sama, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma tsutsa iri ɗaya ce ta cika rariyar, wurin ya daɗe yana shaƙewa ko da na'ura ta nuna lafiya a ranar.

Kurakuran ma ƙanana ne. Kumfar iska ɗaya a kwalbar ruwan gwajin oksijin ta ɓata awon. Na'urar da ba a saita ta da yawan gishirin wurin ba, ƙarin oksijin za ta nuna. Ruwan gwajin ƙwayoyin cuta kuma a kan ƙanƙara ake ɗora shi, ya isa ɗakin gwaji cikin awa 6.