Wa ya huta a Yankari?

Kun dai ga hoton da Yaya ya ɗora jiya. Yana tsaye har ƙirji cikin ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta dajin Yankari, hannu biyu a sama kamar wanda ya ci zaɓe, a ƙasa ya rubuta: "Alhamdulillah, mun huta da iyali." Mun huta! Shi da wa? Ku zuƙo hoton ku dubi can gefe wajen matakala. Mai goyon nan da ke riƙe da takalman yara a hannu ɗaya, kula a ɗaya hannun, ita ce Anti, matarsa. Ni na ɗauki hoton, don haka kada wani ya ce min ban san kan zance ba.

Bayan asuba muka bar Kano, amma Anti tun ƙarfe uku take kicin. Kunun auta a filas, zoɓo, dambun nama, shinkafa a kula, kayan canji na yara uku, famfas, maganin zazzaɓi, maganin sauro. Shi Yaya da mukullin mota da waya ya fito, yana ta danna hon wai mata ba su san lokaci ba. Wudil, Birnin Kudu, ba tsayawa. A Ningi ta tsakiyar ta yi amai a cinyar uwarta, ya leƙo ta madubi ya ce, "Ku yi haƙuri mu dai isa." Isa ina? Bayan Bauchi sai ka hau hanyar Gombe zuwa Dindima, ka karya kwana zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar ma akwai sama da kilomita 40 a cikin daji kafin masaukin Wikki. Da yaro ɗan shekara 2 ake wannan a zama ɗaya?

Maganata ɗaya ce: in uwa ba ta huta ba, ba a yi hutu ba. An dai kwashi kicin da wanki an kai su daji.

Na san abin da za ku ce. "Ai shi ya tuƙa." Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Tuƙi ya ƙare da la'asar, raino bai ƙare ba har muka dawo gida. "Ai shi ya biya." To ya biya ne don ya ga matarsa tana wanke wandon yaro a bokiti a wani gari? Wannan ai kyauta yake gani a gida. Masu cewa aikin mace ne kuwa, ku je ku tambayi malamanku me Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yake yi in yana cikin gida. Hidimar iyalinsa yake yi. Ni ba zan tsaya musu da ku ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa ya san biran wurin ba su da kunya. Anti ta juya tana canza wa auta famfas, wani ƙaton bika ya zuro hannu ta ƙofa ya sure ledar biredi. Yara suka fasa ihu suka maƙale ta. Yaya ya ciro waya yana bidiyo yana dariya, da ya gama ya ce, "Ai sai da na ce ki rufe ƙofa." Wallahi kallon da ta yi masa, ni ma sai da na sunkuyar da kai.

Washegari ya dage sai an shiga motar zagaya daji da kowa da kowa, tunda an zo. Awa biyu ana jijjiga, auta na kuka, babban na ƙishi. Giwa dai kashinta muka gani. Da dare na tambayi yaran me ya fi burge su. Ruwa, da mugun dawan da ke kiwo a gaban ɗakinmu da 'ya'yanta. Shi ke nan. Abin da ke taku goma daga gado.

Don Allah iyaye maza, ba faɗa nake ba yanzu. Yaro ƙarami ba ya son wurare da yawa, wuri ɗaya yake so da ubansa a ciki. Ku raba tafiyar biyu, ku kwana a Bauchi. Ku sayi abinci, kada a zo da risho. In rana ta take a bar yara su yi barcinsu, dajin nan tun 1956 aka keɓe shi, ba zai gudu ba. Sannan ka karɓi goyon, ka ja sauran, ka ce wa matarka, "Maman yara, je ki, awa biyu taki ce." Ruwan Wikki ɗuminsa wajen digiri 31 ne dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa. Anti ta yi kwana biyu a bakinsa, ƙafa kawai ta tsoma. Wannan ya fi komai ci min rai.

Yaya, na san za ka karanta, kuma na san za ka kai ƙarata wajen Hajiya. Ka kai, na riga ka.

Af, 'yan Bauchi, masar da muka saya a hanyar dawowa, me kuke zuba mata ne take yin laushi haka? Sau biyu ina gwadawa a tandata, tana kama min. Kuma murfin kularmu ja yana can wajen biran, duk wanda ya je ya gaishe su.