Tukunyar gas a filin Rumawa ba ta kai ɓata sunan mamaci ba

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa yana ta ƙyalƙyala dariya, yana cewa, "Kawu, zo ka ga abin kunya." Fim ɗin Gladiator ne na shekarar 2000, ya tsayar da hoton daidai inda keken doki ya kife a filin daga. Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, sai ga tukunyar gas maƙale a bayan keken, wadda masu shirin suka ɗaura don ta wuntsila shi. Na kalli fim ɗin nan ya fi sau biyar, idona bai taɓa kai wa gare ta ba.

Da dariyar ta lafa sai na tambaye shi yadda Commodus, Sarkin Rum da ke cikin fim ɗin, ya mutu. Ya ce ai jarumin ne ya kashe shi a gaban jama'a. Na ce a fim ke nan. A tarihi, shaƙe shi wani ɗan kokawa ya yi a wurin wanka a shekarar 192, bayan ya yi shekara 12 yana mulki tun rasuwar mahaifinsa. Yaron ya ɗaga kafaɗa, ya koma kan tukunyarsa. Wannan ɗaga kafaɗar ce ta tsaya mini a rai, domin ina ganin mun juya ma'aunin: ƙaramin kuskure muke yi wa taron dangi, babban kuma ya wuce ta gabanmu da sallama.

Irin su tukunyar gas suna da yawa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ya san daga ina suke fitowa. Fitowa ɗaya ta minti biyu tana iya cin yini guda, a ɗauke ta sau goma ta kusurwa daban-daban, wani sashen ma sai bayan mako. Shi ya sa ake ajiye mai kula da ci gaban shiri, wanda aikinsa ke nan ya tuna a wane hannu kofi yake, wane maɓalli ne a ɓalle. Mutum ne, dole wata rana wani abu ya kuɓuce masa. A fim ɗin North by Northwest na Alfred Hitchcock, na 1959, akwai wani yaro a cikin 'yan rakiyar fitowa da ya toshe kunnuwansa tun kafin a harba bindiga, saboda an maimaita ɗaukar har ya haddace lokacin da ƙarar za ta tashi. A Star Wars na 1977 wani soja ya buga kansa da saman ƙofa, aka bar shi a haka. Waɗannan tuntuɓe ne, ba su cuci kowa ba. Ni har wani daɗi nake ji idan na ga yaron nan, domin yana tuna mini cewa mutane masu jini a jika ne suka yi aikin.

Akwai kuma na sakaci, kamar fim ɗin da aka raɗa wa suna Krakatoa, East of Java a ƙarshen shekarun 1960, alhali dutsen da ya yi aman wuta a 1883 yana yamma da tsibirin Jaba ne. Taswira ɗaya da ta raba gardama.

Inda raina yake ɓaci shi ne inda aka sani aka take. Fim ɗin Braveheart na 1995 ya nuna yaƙin gadar Stirling na 1297 a fili fetal babu gada, alhali ƙuncin gadar ne ya bai wa mutanen Sikotilan nasara a kan rundunar Ingila. Wannan da sauƙi. Amma fim ɗin ya ƙulla soyayya tsakanin jarumin, William Wallace, jagoran mutanen Sikotilan, da Gimbiya Isabella ta Faransa, har ya nuna ta ɗauki cikinsa. Lokacin da aka kashe Wallace a 1305 yarinya ce 'yar kimanin shekara goma a gidan ubanta, sai 1308 aka yi aurenta. An jingina wa mace alfashar da ba za ta yiwu ba ko a lissafi, fim ɗin kuma ya kwashe kyautar Oscar biyar.

Fim ɗin Titanic na 1997, labarin jirgin ruwan da ya nutse, ya haɗa kowane iri, shi ya sa nake son mu daɗe a kansa. Jarumin ya ba da labarin kamun kifi a tafkin Wissota, tafkin da sai 1917 aka samar da shi ta hanyar datse kogi, shekara biyar bayan nutsewar jirgin. Ba komai. Masanin taurari Neil deGrasse Tyson ya yi ta ƙorafin cewa taurarin da jarumar take kallo tana kwance a kan katako ba su ne suke saman tekun Atilantika a daren ba. Shi ma ba komai.

Sai William Murdoch. Wannan ba ƙirƙirarren suna ba ne. Babban jami'i ne a jirgin, ɗan garin Dalbeattie a Sikotilan, shi ne yake bakin aiki a daren 14 ga Afrilu 1912 lokacin da suka yi karo da dutsen ƙanƙara, kuma shi ya jagoranci sauke kwale-kwalen ceto a ɓangaren dama. Inda babu sauran mata da yara a kusa yakan bar maza su shiga maimakon kwale-kwale ya tafi da gurbi, wannan ya ceci rayuka da dama. Ya mutu a daren tare da mutum fiye da 1,500, ba a ga gawarsa ba. Abokin aikinsa Charles Lightoller, wanda ya tsira, ya rubuta wa matar Murdoch cewa ganinsa na ƙarshe da shi yana fafutukar sauke kwale-kwale ne ruwa ya tafi da shi.

A fim kuwa, an cusa masa kuɗin cin hanci a aljihu, ya harbe mutum biyu, sannan ya ɗora bindiga a kansa. Gaskiya ne an nuna ya watsa wa mai kuɗin kuɗinsa daga baya. Gaskiya ne kuma wasu da suka tsira sun ce sun ga wani jami'i ya harbe kansa, amma ba a taɓa tabbatar da ko wane ne ba. Jita-jita aka ɗauka aka liƙa wa mutum mai suna, mai dangi, aka haska wa duniya. Danginsa da mutanen garinsu suka yi ca, har a 1998 wani babban jami'in kamfanin fina-finai na Fox ya je Dalbeattie ya ba da haƙuri, ya miƙa fam 5,000 ga asusun tunawa da shi a makarantar garin.

Na san amsar da za a ba ni: fim ba littafin tarihi ba ne, dole a sa gishiri. Na yarda, ban ce a hana ƙirƙira ba. Jack da Rose, jarumi da jarumar Titanic, ƙirƙira ne, babu wanda ya kai ƙara. Da marubucin ya so jami'i mai rauni, sai ya ƙago shi ya ba shi sunan da ya ga dama, labarin ba zai rasa komai ba. Amma idan ka ari sunan gaskiya don mai kallo ya yarda da kai, ka ɗauki amanar mai sunan. Mutum nawa ne za su buɗe littafi bayan sun fito daga silima? Abin da ido ya gani shi yake zama. Mu ma mun ɗanɗani wannan zafin a 2021, lokacin da fim ɗin Amina ya fito a Netflix mutanen Arewa da dama suka ce ba su gane Zazzau ɗinsu a cikin sutura da al'adun da aka nuna ba.

Daga baya James Cameron, daraktan Titanic, da bakinsa ya amince cewa bai kamata ya yi wa Murdoch haka ba. A 2012, da aka sake fitar da fim ɗin don cikar shekara ɗari da hatsarin, ya karɓi taswirar samaniya daga hannun Tyson, ya sa aka sauya taurarin suka koma yadda suke da asubahin 15 ga Afrilu 1912. Fitowar Murdoch kuwa ba a taɓa ta ba, yana nan yana sara wa abokin aikinsa, yana ɗaga bindigar zuwa kansa.