Sikorsky ya ƙera helikwafta don ceton rai, mu kuma da kamfe da yaƙi muka san shi

Jama'a, a wajenmu idan aka ji ƙugin jirgi mai saukar ungulu, abu biyu ne ke faɗo wa mutum a rai. Ko dai wani babba ne zai sauka a filin ƙwallon gari don kamfe, ko kuma sojoji ne suka nufi daji. Da wuya ka ga wanda zai ɗaga kai ya ce wataƙila marar lafiya aka je ɗaukowa. Abin yana ci mini rai, domin mutumin da ya fi kowa shan wahala kafin wannan jirgi ya zama yadda muka san shi, wato Igor Sikorsky, ceton rai ne ya sa a gaba. Yakan ce idan mutum ya faɗa cikin halaka, iyakar abin da jirgin sama mai fukafukai zai yi masa shi ne ya wuce ta kansa ya jefa masa furanni, amma jirgin da ke iya tsayawa cak a sama zai iya ɗauko shi da ransa.

An haifi Sikorsky a birnin Kiev a 1889, lokacin Yukiren tana ƙarƙashin daular Rasha. A 1909, yana ɗan shekara ashirin, yayarsa ta ba shi kuɗi ya je Faris ya sayo inji mai ƙarfin doki 25, ya dawo gida ya harhaɗa helikwafta. Ko motsi daga ƙasa bai yi ba. Na biyu da ya ƙera a 1910 ya iya ɗaga kansa, amma da an sa masa nauyin matuƙi sai ya lafe. Duk wanda ya tuna ɗalibin nan na Jami'ar Bayero da jaridu suka yi ta yayatawa a 2007, wanda ya haɗa nasa da injin mota da kayan gwangwan, to kusan a irin wannan matsayi Sikorsky yake a lokacin. Sai ya gane cewa injinan zamanin sun yi nauyi, ƙarfinsu kuma bai kai ba. Ya ajiye maganar, ya koma jirage masu fukafukai.

A can kuma ya yi suna da wuri. An ruwaito cewa sauro ne ya taɓa shiga kafiretar jirginsa inji ya mutu yana sama, daga nan ya ƙudurce cewa bai kamata ran mutum ya rataya ga inji ɗaya ba. A 1913 ya tashi jirgi mai inji huɗu na farko a duniya, sannan ya biyo da wani babban jirgi mai suna Ilya Muromets, wanda aka yi wa ɗakin fasinja har da ban-ɗaki. Da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke, sai aka mayar da shi jirgin jefa bam. Ku riƙe wannan, don abin da zai yi ta faruwa da aikinsa ke nan har bayan ransa.

Juyin juya halin 1917 ya kore shi daga ƙasarsa. Ya isa New York a 1919 ba shi da komai, ya riƙa koyar da 'yan gudun hijirar Rasha lissafi don ya samu na abinci. A 1923 ya kafa kamfaninsa a gonar kaji ta wani abokinsa a Long Island, ma'aikatansa 'yan gudun hijira irinsa, suna tsinto ƙarafa a wajen 'yan gwangwan, wani lokaci makonni ba albashi. Wani fitaccen makaɗin piyano ɗan ƙasarsu, Sergei Rachmaninoff, shi ya ba su dala 5,000 suka farfaɗo. A 1929 kamfanin ya shiga ƙarƙashin babban kamfanin jiragen sama na United Aircraft, ya koma Stratford a jihar Connecticut, inda yake har yau, ya riƙa ƙera wa kamfanin sufurin sama na Pan American manyan jirage masu sauka a kan ruwa. Zuwa 1938 kasuwar waɗannan jirage ta mutu, shugabanni suka ce za su rufe sashensa. Abin da ya roƙa shi ne a bar masa injiniyoyinsa, a ba shi dama ya koma kan abin da ya ajiye kusan shekara talatin.

Gaskiya ba shi ne ya fara tashin helikwafta ba. Faransawa sun yi a 1935, Bajamushe Heinrich Focke ya yi wanda ya fi a 1936. Abin da Sikorsky ya warware shi ne siffar da ta ɗore. Matsalar ita ce idan inji ya juya babbar farfela ta dama, gangar jirgin za ta nemi juyawa ta hagu. Duk kafintan da ya taɓa riƙe injin huda katako ya san yadda yake murɗe hannu idan bakin ya cije. Focke ya magance wannan da farfela biyu manya, ɗaya a kowane gefe, suna juyawa saɓanin juna. Sikorsky ya nace kan babba guda ɗaya a sama, da ƙarama a wutsiya tana tokare gangar. Ku dubi kowane helikwafta da ya wuce ta kan garinku, mafi yawansu haka suke.

Ranar 14 ga Satumba 1939, mako biyu da fara yaƙin duniya na biyu, ya zauna a kan sabon helikwaftansa na gwaji, VS-300. Ƙarangiyar bututun ƙarfe ce kawai, ba rufi ba gilashi, an ɗaure ta da igiyoyi a ƙasa. Dattijo ɗan shekara hamsin, da kwat da malafa, shi ne mai zane kuma shi ne matuƙin gwaji, alhali babu wanda zai koya masa tuƙin. Ya tashi na 'yan daƙiƙoƙi ya sauka. Daga nan aka shiga gyara da kwancewa. Jirgin ya faɗi, an sake gina shi. Akwai lokacin da yake tafiya gefe, yake tafiya baya, yake tsayawa wuri ɗaya, amma tafiya gaba ta gagara. Wahalar tana cikin yadda kowane reshe na farfela dole ya riƙa canza karkatarsa a cikin kowane zagaye, ya ƙara cizon iska a wani gefe ya rage a wani, don jirgin ya karkata inda matuƙi ke so. A watan Mayun 1941 ya yi awa ɗaya da minti 32 a sama, ya karya tarihin da Jamusawa suka kafa, kuma kafin ƙarshen shekarar an daidaita siffar. Daga nan aka samu R-4 a 1942, helikwafta na farko da aka ƙera da yawa a masana'anta, guda 131.

To ga inda zuciyata take. R-4 jirgi ne mai rauni, kujera biyu, inji ƙarami. Amma ku ga abin da aka fara yi da shi. A Janairun 1944 wani jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Turner ya fashe a bakin tashar New York, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibiti a Sandy Hook, ruwan jini ya ƙare. Ana zubar ƙanƙara, an hana jirage tashi. Wani hafsan rundunar tsaron gaɓar teku, Frank Erickson, ya ɗaura akwatunan ruwan jini a jikin jirgin ya kai cikin mintuna. A Afrilun wannan shekarar, a dajin Burma, wani ƙaramin jirgi ya faɗi a bayan sojojin Japan da matuƙinsa da sojojin Ingila uku masu rauni. Wani matashin matuƙi, Carter Harman, ya je da R-4. Zafi da laima sun rage wa jirgin ƙarfi har ba ya iya ɗaukar fiye da mutum ɗaya. Ya ɗauko biyu, inji ya yi zafi ya ƙi tashi, ya kwana a kan yashin bakin kogi, gari ya waye ya koma ya ɗauko sauran.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 29 ga Nuwamba 1945. Guguwa ta jefa wani jirgin dakon mai a kan duwatsun Penfield, kusa da masana'antar, da mutum biyu a ciki, igiyar ruwa tana dukansu, babu jirgin ruwan da zai iya matsawa. 'Yan sanda suka buga waya kamfanin. Babban matuƙin gwajinsu, Dmitry Viner, ɗan 'yar uwar Sikorsky, ya tashi da R-5, ƙirar da ta biyo bayan R-4, wanda aka ɗaura wa sabon injin jan waya. Ya tsaya a kansu cikin iska, aka zura wayar aka jawo na farko. Na biyu kuwa injin ya cije, a rataye a ƙarƙashin jirgi aka kai shi gaɓa. Duka biyun sun rayu. Ma'aikata ne talakawa, ba janar ba gwamna, kuma kamfani ya saka matuƙinsa cikin haɗari dominsu. Daga 1950 kamfanin ya fara ba da lambar yabo ga duk wanda ya ceci rai da jirginsa.

Bayan haka sai girma. S-55 na 1949 ya zo da dabarar da nake jin kowane bakanike zai yaba: aka sa inji a hanci da ƙofofi biyu masu buɗewa, mai gyara yana tsaye a ƙasa zai yi aikinsa, ɗakin fasinja kuma ya koma daidai ƙarƙashin farfela, inda nauyi ba ya rinjayar jirgi. Sea King na 1959, mai inji biyu irin na jet, shi ya tsamo 'yan sama jannatin Apollo 11, waɗanda suka dawo daga duniyar wata, daga teku a 1969. Sikorsky ya rasu a 1972, shekara biyu kafin Black Hawk, helikwaftan soja na kamfaninsa, ya fara tashi.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Kuɗin soja ne ya raini kamfanin tun daga R-4, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Black Hawk, wanda aka ƙera sama da 5,000 shi da danginsa, duniya ta fi saninsa da Mogadishu a 1993, inda aka harbo guda biyu aka yi asarar rayukan Somaliyawa masu yawa. An narkar da kusan dala biliyan 7 kan Comanche, jirgin leƙen asiri da suka yi da Boeing, aka soke shi a 2004 bayan an ƙera biyu kacal. A 2015 Lockheed Martin, babban kamfanin makamai, ya saye Sikorsky kan dala biliyan 9. A ganina kamfanin ya yi nisa da zancen furanni da ceto. Amma ko a haka, irin wannan Black Hawk ɗin ne, da aka sa wa injin jan waya, rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ke tsamo masunta da shi daga teku. Mai jirgi ne ke zaɓar aikin da zai ba shi.

A Najeriya jirgin Sikorsky da ya fi aiki shi ne S-76, wanda ya fara tashi a 1977, aka yi shi musamman don kai ma'aikatan mai rijiyoyin cikin teku. Shekara da shekaru yana zirga-zirga daga Fatakwal da Legas, amma talaka ba ya jin sunansa sai an yi haɗari, kamar wanda ya faɗa ruwa kusa da Bonny a Oktoban 2024, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wato ƙasar tana da matuƙa, tana da injiniyoyi, tana da masu iya kula da irin waɗannan jirage. Inda mai yake, jirgi yana zuwa kullum. Amma da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, hotunan da suka cika wayoyinmu na kwale-kwale ne da manyan motocin soja da samari suna goya tsofaffi, mutane sun kwana a kan rufi. Ku kwatanta da ambaliyar Mozambik a 2000, inda jiragen sojan Afirka ta Kudu suka yi ta tsamo mutane daga kan bishiyoyi, har da matar da ta haihu a kan reshe. Ba ƙirar Sikorsky ba ne waɗancan, amma aikin da ya yi mafarki ne, kuma 'yan Afirka ne suka yi shi.

Na san abin da wasunku za su ce: jirgin nan tsada gare shi, gara a gyara hanya, a sa magani a asibitin karkara, a raba rigunan ruwa ga masu hawa kwale-kwale a Neja da Kebbi. Na yarda, kuma waɗannan su ne farko. Amma akwai ranar da gada ta karye, ruwa ya fi ƙarfin jirgin fito, mai naƙuda tana zubar da jini a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. A ranar babu abin da zai isa wurin sai wannan jirgi. Kuɗin hayarsa kuma ba ya gagara idan zaɓe ya matso.

Abin da nake so gwamnonin Arewa su yi shi ne su haɗa hannu su ajiye ko da 'yan kaɗan ne, a Maiduguri da Kano da Sakkwato da Minna, waɗanda doka za ta hana kowane mai muƙami hawa sai idan shi ne a kan gadon marar lafiya. Kuma a saya da ilimi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya sami Harman a Burma zai sami kowane matuƙi a Borno cikin Afrilu, domin iska mai zafi ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa, nauyin da jirgi ke ɗauka sai ya ragu sosai. Ƙurar hunturu tana cin bakin farfela tana lalata inji, dole a sa matatar ƙura. Dole a samu injin jan waya, da mai sarrafa shi, da wanda zai sauka a jikin wayar ya ɗaure wanda ya galabaita, da ma'aikacin jinya a ciki, kuma su riƙa atisaye duk wata ko da ba abin da ya faru. A tanadi man jirgi a garuruwan da ke tsakani, a share fili a harabar manyan asibitoci, a kuma ba masu unguwanni da dagatai lamba guda da za su kira.